Da Kilo Muke Sayar Da Tarihinmu: Raddi Ga Masu Yi Wa Tsohuwar Fijo Dariya

Muna godiya ga shugabanni da suka ba mu filin wannan mako. Da wani batu daban muka shirya zuwa, sai abin da ya faru ranar Asabar ya sa muka ture shi gefe.

Waɗanda suke kusa sun gani. Wani ɗan uwa ya ɗora hotonsa yana wanke wata farar Fijo 504 a ƙofar gida. Ya rubuta cewa ta marigayi mahaifinsa ce, kuma wata goma sha huɗu ya yi yana lallaɓa ta kafin ta tashi. Bai roƙi kowa ba, bai kushe motar kowa ba. Kafin la'asar an yi masa rubdugu. Wannan ya ce akwala ce. Wancan ya ce a kira 'yan gwangwan su ba shi kuɗin kati. Wani ya ce talauci ne aka shafa wa fenti. Wani ya shigo da wa'azin almubazzaranci. Wata 'yar uwa ta ce da a kai ta biki a cikinta gara ta hau adaidaita sahu. Kafin isha'i yaron ya goge hoton.

Goge hoton nan ne ya hana mu yin shiru. Ba za mu kama sunansa ba, don kada mu ƙara masa wani nauyin. Amma mun san abin da wata goma sha huɗu ke nufi, domin mu ma 'yan wannan wahala ne. Mu huɗu muka haɗa kuɗi shekara biyu da suka wuce, muka sayi wata 504 da ta daɗe a gindin dalbejiya, kaji na yin ƙwai a kujerar baya. Har yau ba mu gama da ita ba, ita ma ba ta gama da aljihunmu ba. Saboda haka ba za mu ɓoye ba, muna da ɓangare a wannan shari'a. A auna hujjarmu kawai, a bar batun ko su wane ne mu.

Maganarmu ɗaya ce. Al'ummar da ke yi wa mai gyara dariya, tana tafa wa mai yarwa, da hannunta ta rubuta wa kanta takardar zama 'yar sayen kwancen wasu har abada. Tsohuwar mota ƙaramin misali ce, amma misali ce da ake iya taɓawa da hannu.

WACE MOTA KUKA YI WA DARIYA?

Wannan tambaya ce babu wanda ya yi a ranar. Kamfanin Peugeot na Faransa ya fito da 504 a 1968, a 1969 aka zaɓe ta motar shekara a Turai. A 1975 ta lashe gasar Safari, tseren nan da ake yi cikin laka da duwatsu da ƙura a Kenya, a hannun wani direba ɗan Suwidin, Ove Andersson. A shekarar dai, zamanin Janar Yakubu Gowon, aka buɗe masana'antar harhaɗa Fijo a Kakuri, cikin Kaduna. Har ta jirgin sama aka riƙa jigilar kayan daga Lyon zuwa Kano, a wuce da su Kaduna a haɗa. Ke nan akwai kyakkyawan zaton motar da yaron nan ke wankewa, hannun iyayenmu ne ya ɗaure notocinta.

Kuma ba Kaduna kaɗai ba. A wancan zamani ƙasar nan ta kafa masana'antun harhaɗa motoci shida. Volkswagen a Legas, inda aka riƙa fito da Bitil da Igala. Leyland a Ibadan. Manyan motocin Marsandi a Inugu. Steyr a Bauchi. Manyan motocin Fiat a Kano. Sai Fijo a Kaduna. A ƙirga a gani: uku daga cikin shida a Arewa suke. Matashin da aka raina da cewa mu ba mu san komai ba sai noma da kiwo, ya kamata ya san wannan lissafi.

Bayan kisan Janar Murtala Muhammad ranar 13 ga Fabrairu 1976, gwamnatin Obasanjo ta ɗauki manufar rage ƙawa, 504 ta zama motar manyan jami'an gwamnati. Ita ce kuma motar da malamin makaranta da akawu suke saya sabuwa dal da rancen mota. Doguwarta, wagon, ita ta riƙa kwasar fatake daga Kano zuwa Legas. Yayarta 404 akori-kura ita ta ɗauko gero da gyada daga ƙauyukan da babu kwalta. A Nijar ma, Turawa sun riƙa keta Sahara da tsofaffin Fijo ta Tamanrasset su sauko Arlit da Agadas su sayar, don sun san motar za ta iso, kuma za ta sami mai saye. A Turai an daina ƙera 504 a 1983, amma Kaduna ta ci gaba da fito da ita fiye da shekara ashirin bayan haka.

Kowa ya san yadda labarin ya juya. Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, kayan da ake shigo da su don haɗawa suka yi tsada, sabuwar mota ta fi ƙarfin mai albashi. Sai kwancen Turai ya fara kwararowa ta Kwatano, muka koma 'yan jiran abin da wani ya gaji da shi. Ma'aikatan farko na waɗancan masana'antu sun tsufa, da yawa sun riga mu gidan gaskiya. Shaidar da ta rage mai tafiya da ƙafarta a kan titi, wadda yaro zai gani ya tambaya, ita ce motocin nan. Su ne kuke cewa a kai wa 'yan gwangwan.

Baƙar Marsandin da aka harbe Murtala a cikinta tana nan a gidan tarihi na Onikan a Legas, da ramukan harsashi a jikinta. Ba mu taɓa jin wanda ya ce a ɗora ta a sikeli ba, kuma daidai ne. To me ya sa tarihin shugaba ya cancanci rumfa, tarihin malamin firamare da ya yi shekara biyar ana cire masa kuɗin mota daga albashi ya cancanci sikeli?

Mun ga yadda sikelin nan yake da idonmu. A unguwarmu akwai wani dattijo mai 404 akori-kura, da ita ya yi aikin jigilar hatsi har ƙarfinsa ya ƙare. Kusan duk amaryar da aka kai a layin, ita ta ɗauki gadonta da kwallayenta. Mara lafiya nawa ta kai asibiti cikin dare, Allah kaɗai Ya sani. Da ya rasu aka zo rabon gado, babu wanda ya tambayi ko akwai mai so. Da safe aka kira masu yanka, suka zo da tukunyar gas. Kafin azahar sun raba ta gida huɗu, inji gefe, ƙofofi gefe, an ɗora a kura. Kuɗin da aka ba magada bai kai na wayar da ke hannun ƙaramin cikinsu ba. Injin nan kuwa lafiyarsa ƙalau, batir kawai yake nema.

Ba mu ga laifin 'yan gwangwan ba, sana'arsu suke yi, abin da aka miƙa musu suke saya. Laifin na mai miƙawa ne.

HUJJOJINKU, ƊAYA BAYAN ƊAYA

Kun ce talauci ne. Da farko dai talauci ba abin kunya ba ne, kuma wanda ya iya ciyar da mota wata goma sha huɗu ba tare da ta kawo masa ko sisi ba, bai fi kowa talauci a zauren nan ba. Sannan mu duba motar da kuke yi wa kirari. Yawancin abin da muke kira sabuwar mota a garuruwanmu, wani ne ya hau ta shekara goma ko sha biyar a Beljiyam ko Amurka, ya gaji, ko ya yi haɗari da ita kamfanin inshora ya yi gwanjonta, aka loda ta a jirgi, aka buga mata jiki, aka fesa turare. Ita ma tsohuwa ce. Bambancin kawai, waccan tsohuwar Bature ce, wannan tsohuwar babanmu. Idan tsufan wani abin alfahari ne, namu kuma abin kunya, to ba motar ce ke da matsala ba.

Kun ce almubazzaranci ne. Addini ya hana almubazzaranci, babu mai jayayya. Amma a gaya mana wanne ne ɓarnar dukiya: a ɗauki abin da ya mutu a raya shi, kuɗin su shiga hannun bakanike da mai walda da mai fenti da mai ɗinkin kujera, duk 'yan unguwa, ko a farfasa abin da ke aiki a sayar da shi a kuɗin ƙarfe? Mai sauya waya duk wata shida ba ya shan wannan wa'azi. Mai kashe kuɗin mota sukutum a dina ta dare ɗaya ba ya sha. Sai wanda ya sayi fulogi huɗu da galan na baƙin mai.

Kun ce tana shan mai. Wannan gaskiya ne, ba za mu musa ba. Injin 504 mai kusan lita biyu, da kafireta, ba zai yi tsimin mai kamar ƙananan motocin yanzu ba, kuma tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu 2023 kowace lita sai an ji ta a jiki. Amma wa ya ce da ita ake zuwa aiki kullum? Motar sha'awa fitarta sau ɗaya ce ko biyu a mako. A garuruwanmu akwai masu kiwon doki, shekara guda suna sayen harawa da dusa da kanwa, suna biyan mai kula da shi, don hawan Sallah na 'yan kwanaki. Babu mai kiran su mahaukata, cewa ake suna riƙe da al'ada, kuma haka ne. Akwai masu kashe kuɗi a kan tattabaru. To a bar mai dokin ƙarfe shi ma ya yi kiwonsa.

Kun ce ba ta da aminci a hanya, kuma tana hayaƙi. A nan mun ba ku rabin gaskiya, har da ɗori. Motar 1978 ba ta da jakar iskar da ke fashewa ta tare direba, ba ta da birkin zamani mai hana taya kullewa. Duk wanda zai loda fasinja tara a tsohuwar wagon ya hau titin Kaduna zuwa Kano yana tsere da motocin yanzu, ba ɗan sha'awa ba ne, mai wasa da rayukan mutane ne, kuma ba ma tare da shi. Batun hayaƙi kuwa, hayaƙi magana ce inji ke yi. Baƙi yana nufin fetur ya fi iska yawa, a saita kafireta. Shuɗi yana nufin baƙin mai na shiga inda bai kamata ba, a duba ringi. Motar da ke turnuƙe layi da hayaƙi ba tsufa ne laifinta ba, mai ita ne ya toshe kunne.

Wani kuma ya jefo karin magana, wai kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. To, mun karɓa. Ba mu ji daɗin bana ba. Bara muna haɗa mota a Kakuri, bana muna layi a bakin iyaka muna jiran kwance. Wanda ya ji daɗin wannan, Allah Ya ba shi lafiya.

MAKARANTAR DA KE ƘARƘASHIN BONET

Yanzu ga abin da ya fi damun mu, wanda ya wuce ƙauna da tuna baya. Tsohuwar mota makaranta ce.

Wasunmu sun yi difloma a kwalejin kimiyya da fasaha. Mun zana inji a takarda, mun haddace bugu huɗun da yake yi: ya shaƙa, ya matse, ya ƙone, ya fitar. Mun ci jarrabawa. Amma ba mu fahimci abin ba sai ranar da wani tsohon bakanike, wanda bai taɓa shiga aji ba, ya kwance mana kafireta a kan tabarma. Ya nuna mana ɗan kwanon da fetur ke taruwa, da 'yar balan-balan ɗin da ke tasowa ta rufe hanya idan ya cika. Ya nuna mana maƙogwaron da ya tsuke a tsakiya, inda iska ke ƙara gudu ta zuƙo fetur ta wata ƙofa mai kamar kafar allura. Ya hura ƙofar da bakinsa, wani ɗan tsaki ya faɗo. Ya ce, “Yara, wannan ne ya hana ku barci sati biyu.” Ya mayar, ya murza makulli, mota ta tashi.

Ranar da ta ƙi ba da wuta, shi ne dai ya buɗe distiributa ya nuna mana kwantak, wasu 'yan ƙarafa biyu masu haɗuwa su rabu, tazararsu ba ta kai rabin milimita ba. Ya goge su da 'yar takarda mai kaushi, ya saita. Ya ɗora tsinin sukundireba a jikin inji, ya kanga kunnensa a ƙotar, ya gaya mana wane bawul ne ke ƙara. Duk abin da ke cikin motar nan ana iya ganinsa, a kwance shi, a gane dalilinsa. Bitil ma haka take, ta ma fi sauƙi: injinta a baya, iska ke sanyaya shi, ba ta da lagireto balle ta tafasa ruwa.

Motar yanzu kuwa, ƙwaƙwalwa gare ta a cikin akwati rufaffe. Idan ta yi ciwo sai a jona mata na'ura, na'ura ta faɗi lamba, a cire abin a jefar, a sayo wani daga Ladipo ko Ƙofar Ruwa. Ba mu raina wannan ba, shi ma ilmi ne, kuma dole matasanmu su iya shi. Amma yaron da ya fara da sauya kaya bai taɓa ganin cikin abin da yake sauyawa ba, ranar da na'ura ta yi shiru shi ma ya yi shiru. Wanda ya fara da kafireta ya san abin da na'urar ke ƙoƙarin faɗa tun kafin ta faɗa, domin iska da mai da wuta su ne dai har gobe.

A shiga Fanteka a Kaduna a ga abin da muke nufi. Mutanen da ke narka alminiyam su zuba a ƙasa su fito da abin da babu shi a kanti, masu yanka gaskit da hannu, masu sake naɗa wayar kik da ta ƙone. Wannan basira daga gyaran tsofaffin injuna ta tsiro. Kowace tsohuwar mota da aka yanka, an rage wa irin waɗannan hannaye aiki, an rage wa yaransu abin koyo. Dattawan da suka san 404 da 504 kamar tafin hannunsu suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, ba su rubuta littafi ba. Idan babu motar da za a kai musu, da me za su koyar? Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai an adana zumar.

Kuma wannan raini na gyara bai tsaya a kan mota ba. Shi ne ya sa rijiyar burtsatse ke mutuwa saboda abin da bai taka kara ya karya ba, a bar ta a haƙa wata kusa da ita. Shi ne ya sa ake ganin taraktoci da motocin asibiti jere a harabar ma'aikatu, taya a sace, ciyawa ta fito ta cikin inji. Mun iya bikin buɗewa, ba mu iya man shafawa ba. Yaron da ya yi wata goma sha huɗu yana bin waya ɗaya-ɗaya har mota ta tashi, ya mallaki ainihin halin da ƙasar nan ta rasa. Shi kuka kora daga zaure.

Waɗanda muke sayen kwancensu ba haka suke yi da nasu ba. A Jamus, tun 1997, motar da ta kai shekara 30 kuma aka riƙe ta a kamanninta na asali tana samun lamba ta musamman mai harafin H, alamar kayan tarihi ce. A Birtaniya motar da ta haura shekara 40 ana ɗauke mata harajin hanya. Duk watan Nuwamba ana jerin gwano daga Landan zuwa Brighton da motocin da aka ƙera kafin 1905, jama'a na tsaye a bakin hanya cikin sanyi suna ɗaga musu hannu. Peugeot na da gidan tarihinta a Sochaux. Idan an ce ai waɗannan masu kuɗi ne, to a dubi Kuba. Takunkumin Amurka ya yanke musu kayan gyara tun farkon shekarun 1960, suka riƙe Chevrolet da Ford da Buick na shekarun 1950 da dabara da ƙirar hannu, wasu har da dashen injin wata motar. Yau baƙi na biyan kuɗi don a zaga da su Havana a cikinsu. Abin da ya fara da tilas ya koma abin alfahari da abinci.

Mu kuwa har wata dama Allah Ya ba mu. A Turai gishirin da ake watsa wa titi lokacin ƙanƙara shi ke cinye ƙasan mota da tsatsa. Busasshiyar iskar Arewa ba ta yin haka. Jikin motar da za a sha wahalar samu a can, a nan yana gindin bishiya awaki na hawa.

GYARA KAYANKA

Kada 'yan ɓangarenmu su yi saurin tafi, akwai namu kason. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Akwai masu cewa suna son motar baba, sun lulluɓe ta da tamfol shekara bakwai, duk wanda ya taya sai su ce ba ta sayarwa ba ce. Wannan ba ƙauna ba ce, jinkirta jana'iza ne. Mota ajiya ke kashe ta fiye da tafiya. Fetur idan ya daɗe yana zama danƙo ya toshe kafireta. Man birki yana jan laima ya ci bututu ta ciki. Robobi da tiyo suna bushewa su tsage. Taya tana fashewa a tsaye ko da zanenta bai goge ba. Ɓeraye su gaigaye waya, ruwan damina ya kwanta a ƙarƙashin shimfiɗar ƙafa ya huda bodi. Wanda ba zai iya tayar da ita duk mako ya zaga da ita har inji ya yi zafi ba, ya ba ɗan uwan da zai iya, ko ya sayar wa mai riƙewa. Riƙon da ya ƙare a hannun 'yan gwangwan bayan shekara goma, da shi da sayarwar yau duk ɗaya ne, sai dai ƙarin tsatsa.

Akwai kuma masu fara gyara daga fenti. Mota na ƙyalli kamar amarya, birki kuwa sai an taka sau uku. Tsarin a bayyane yake: birki, sitiyari, taya, wayoyin wuta, sannan inji, fenti a ƙarshe. A daina ɗura ruwan rijiya a lagireto, yana barin ƙasa da tsatsa a hanyoyin ruwa. A daina haɗa waya da leda a ce ta yi, gobarar tsohuwar mota kan tashi daga nan. A ajiye abin kashe gobara a ciki. A yi mata takardu cikakku kamar kowace mota. Kuma duk abin da aka cire na asali, ko ya lalace, a adana shi, domin wata rana da shi za a auna a ƙera wani.

Sai mu marubuta, mu ma ba mu tsira ba. A buɗe littattafanmu na wannan zamani a gani. Kowane saurayi a cikin doguwar baƙar mota mai baƙin gilashi yake fitowa, sanyin na'ura na busawa, ƙamshi na tashi. Ba mu taɓa barin motar jarumi ta mutu a hanya ya buɗe bonet ba. Bakanike idan ya shigo labari, to an kawo shi ne don a nuna talaucin wanda budurwa za ta ƙi. Mu muka koya wa masu karatu cewa darajar namiji a jikin makullinsa take, sannan mu yi mamakin 'yar uwar da ta ce gara adaidaita sahu. Ga kuma kalmomin gareji, lagireto, salansa, fambel, akori-kura, da ɗaruruwan irinsu da bakin Bahaushe ya sarrafa, suna tafiya tare da masu su, ba mu tattara ba. A tarukan ƙungiya kullum kukanmu Hausa ba ta da kalmomin fasaha. Tana da su, a gareji suke, mu ne ba ma son baƙin mai ya taɓa mana shadda.

ABIN DA MUKE NEMA

Ba mu ce kowa ya sayi tsohuwar mota ba. Ba kowa ke da hali ba, ba kowa ke da sha'awa ba, kuma mai neman abin sawa a tukunya ba za mu yi masa maganar kafireta ba. Abin da muke nema bai fi ƙarfin kowa ba.

Idan rabon gado ya biyo ta kan tsohuwar mota, a yi mata ƙima ta gaskiya, a fara tambayar magada ko akwai mai so ya biya sauran haƙƙinsu, sannan a sanar a waje, kafin a kira mai sikeli. Sau da yawa mai sha'awa zai biya fiye da kuɗin ƙarfe, magada ma sun fi samun riba. Sassan koyar da aikin injiniya a kwalejojinmu su samo 504 ko Bitil guda, ɗalibai su kwance ta su mayar duk shekara, a gayyato tsofaffin makanikai su koyar, a biya su kamar yadda ake biyan kowane malami. Masu kula da wurare irin su Gidan Arewa a Kaduna da Gidan Makama a Kano su duba yiwuwar ware rumfa ga motocin da aka haɗa a Arewa. Masu irin waɗannan motoci a kowane gari su san juna, su riƙa musayar kayan gyara, ko da sau ɗaya a shekara su jera su a fili yara su gani. Mu kuma marubuta, kowa ya ɗauki waya ya je garejin unguwarsu, ya gaida baba bakanike, ya nemi izini ya naɗi hirarsa. Mu a nan mun fara, kuma duk wanda ke da hoton tsohuwar motar gidansu, ya ajiye mana shi a ƙasan wannan rubutu da shekararta da labarinta.

Masu ra'ayin da ya saɓa da namu, fili naku ne, a zo da hujja za mu amsa. Abin da ba za mu amsa ba shi ne dariya, don ita ba hujja ba ce.

Kai kuma ɗan uwa mai farar 504, in kana karanta wannan, mayar da hoton nan. Ka ƙara da na cikin inji, muna so mu ga yadda ka yi da wayoyin. In kana neman murfin distiributa, muna da guda biyu. Allah Ya jiƙan mahaifinka, Ya sa albarka a abin da ya bari.